Misali Alkawari Ne

Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a zauren ƙungiyar ɗalibai, game da rubuta misalan umarni a littattafan jagorar rumbun bayanai

 Lokacin da na shaida wa sakataren ƙungiya abin da zan yi magana a kai, sai ya dube ni da mamaki, kamar mai cewa duk matsalolin da ke damun ƙasa na rasa abin ɗaukowa sai yadda ake kwafar layi biyu ko uku daga littafi zuwa kwamfuta. Ban ga laifinsa ba. Amma masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, saboda haka zan fara da labarin wani haki da ya tsone mana ido a wani ofis da na taɓa yi wa aiki.

A wannan ofis muna da rumbun bayanai na ma'aikata, wato ma'ajiya a cikin kwamfuta wadda ke riƙe da sunan kowa da lambarsa da matakin albashinsa. Wata rana aka ƙara wa wani ma'aikaci girma, aka umarci wani saurayi da bai daɗe da kama aiki ba ya gyara matakin mutumin. Saurayin ya buɗe takardar miƙa aiki da aka bar masa, ya tarar da misalin umarnin da ake bukata. Umarnin layi biyu ne. Na farko yana cewa a mayar da mataki ya zama 8, na biyu yana faɗin lambar ma'aikacin da za a yi wa haka. Abin da saurayin bai lura da shi ba shi ne, layin farko ya faɗo a ƙarshen shafi, na biyu kuwa ya tsallaka shafi na gaba. Ya kwafi na farko ya liƙa, kwamfuta ta yi shiru tana jiran saura. Sai ya tuna an koya masa cewa kowane umarni da waƙafi mai ruwa yake ƙarewa, ya sa mata, ya danna. Cikin ƙiftawar ido duk ma'aikatan ofis, daga masinja har darakta, suka koma mataki na 8. Tun da aka shigo da matakan albashi na bai ɗaya bayan rahoton Udoji na 1974, ban ji wanda ya daidaita ma'aikata irin haka ba.

Kuna dariya, amma mu a ranar ba mu yi ba. Sai da muka dawo da kwafin ajiya na daren jiya, muka kwana biyu muna maimaita duk aikin da aka shigar bayansa. Saurayin aka ba takardar tuhuma. Wanda ya rubuta takardar miƙa aikin kuwa ba wanda ya tambaye shi kome. Jama'a, ni ne na rubuta ta, kuma tun daga ranar nake ganin cewa ni na cancanci tuhumar.

Abin da nake so ku tafi da shi yau ke nan: duk wanda ya sa misali a littafin jagora ya ɗauki alkawari ga mai karatu, cewa in ya kwafi wannan abu yadda yake, zai yi aiki, zai ba da amsar da aka nuna, kuma ba zai yi ɓarna ba. Kafin in faɗi yadda ake cika wannan alkawari, bari in ɗan waiwayi asali domin waɗanda ba fanninsu ba ne.

A 1970 wani masanin lissafi mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki da kamfanin IBM a San Jose ta ƙasar Amurka, ya wallafa maƙalar da ta nuna yadda za a tsara bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ma na IBM, suka fito da harshen yi wa irin waɗannan jadawalai tambaya, wanda daga baya aka san shi da SQL. Manhajar Oracle ta shiga kasuwa a 1979, aka kafa wa harshen ƙa'ida a Amurka a 1986, ta duniya kuma a 1987. Bayan haka aka sami manhajojin kyauta: MySQL a 1995, PostgreSQL wadda ta ɗauki wannan suna a 1996, da SQLite a 2000. Kowace tana da littafin jagora mai kauri, kuma gaskiyar magana ita ce ba mai karanta shi daga bango zuwa bango. Mutum yakan buɗe wurin da ya shafe shi, idonsa ya tsallake bayani ya sauka kan misali.

A da, mai koyo da hannunsa yake buga misali daga littafi, harafi bayan harafi, idonsa yana tace abin da ya kamata ya bari. Amma tun da Larry Tesler da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox suka sauƙaƙa kwafa da liƙawa a shekarun 1970, har abin ya game duniya, wannan tacewa ta kau. Yanzu kwamfuta ke kwafa, ita kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ta tarar shi take ɗauka, har da wanda ido ba ya gani. To nauyin tacewar ya koma kan marubuci. Zan kawo wurare shida da marubuta ke karya alkawari, da maganin kowanne.

Na farko shi ne alamar jira. Idan ka buɗe manhajar ba da umarni, takan rubuta wata alama a farkon layi domin ta nuna kai take jira. MySQL takan rubuta mysql> , SQLite ta rubuta sqlite> , ita kuwa psql ta PostgreSQL takan rubuta sunan rumbun sannan => a bayansa. In umarni ya zarce layi ɗaya, sai wata alamar ta bayyana a kowane sabon layi. Marubuci yakan kwaso duk abin da ke fuskar kwamfutarsa ya zuba a littafi: alamar jira, umarni da amsa a cakuɗe. Mai karatu ya kwafa ya liƙa, manhaja ta ce ba ta gane ba. Mafi muni ita ce alamar # da ake sa wa umarnin mai cikakken iko a Linux, domin in an kwafe ta tare da umarnin, kwamfuta takan ɗauki layin duka a matsayin sharhi, ba ta aikata kome ba, ba ta kuma ce uffan ba, mutum ya tashi yana zaton aiki ya yiwu. Magani shi ne a ware umarni a akwatinsa shi kaɗai, amsa a nata akwatin. In littafin na karantawa a kwamfuta ne kuma an sa maɓallin kwafa, to a tabbata umarnin kaɗai yake ɗauka.

Sai dai kada a zubar da abin da alamar ke sanarwa. A psql, in ka ga =# maimakon => , ma'anarsa kana da cikakken iko a kan rumbun. Alamar jira kan nuna a wace na'ura kake da kuma a wane matsayi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya na kamfanin GitLab ya goge bayanai a babbar na'ura yana zaton ta biyu yake kai, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin sa'o'i 6. Saboda haka in ka cire alamar daga akwati, sai ka faɗi da kalmomi a samansa cewa wannan umarni a na'ura kaza ake ba da shi, da izini kaza.

Na biyu shi ne guntun misali. Marubuci ya ce a zaɓo sunaye daga jadawalin ɗalibai, alhali mai karatu ba shi da wannan jadawali, ba a kuma faɗa masa yadda zai gina shi ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan, shi ya sa Oracle ta riƙa zuwa da jadawalin EMP mai ma'aikata 14 da DEPT mai sassa 4, MySQL ta tanadi rumbun gwaji mai suna Sakila, darasin farko na PostgreSQL kuma ya fara da gina jadawalin yanayin garuruwa kafin ya yi masa ko da tambaya ɗaya. Ku dubi abin da na rubuta a allo:

CREATE TEMPORARY TABLE gwaji_dalibai (lamba integer, suna varchar(60));
INSERT INTO gwaji_dalibai VALUES (1, 'Ladi');
INSERT INTO gwaji_dalibai VALUES (2, 'Tanko');
SELECT suna FROM gwaji_dalibai ORDER BY lamba;

Layi huɗu ne, amma sun tsaya da ƙafarsu. An gina jadawali, an zuba masa bayani, an yi tambaya, amsa kuwa Ladi ce sannan Tanko. Kalmar TEMPORARY tana sa jadawalin ya ɓace da kansa in an rufe zaman aiki, don haka ba sai an ƙare misalin da umarnin rushewa ba, wanda zai iya faɗawa kan jadawalin gaske mai suna iri ɗaya. Kalmomin ORDER BY kuma su ke tabbatar da jerin amsa, domin in babu su, manhaja tana da damar jera amsa yadda ta ga dama, mai karatu ya ga tasa ta saɓa da ta littafi ya shiga shakka.

Na uku shi ne rikita siffar umarni da misalinsa. Littattafan jagora sukan fara da nuna siffa, inda baka mai kusurwa ke nufin abin da za a iya bari, tsayayyen layi ke nufin zaɓi tsakanin abu biyu, ɗigo uku kuma ke nufin ana iya maimaitawa. Wannan taswira ce ta dukkan hanyoyin da umarni zai iya bi, kuma ba a liƙa wa kwamfuta ita. Wajibi ne a bambanta ta da misali ƙarara, kowane da kansa na magana. In kuma dole ne mai karatu ya sauya wani abu a misali, kamar sunan rumbu ko lambar ma'aikaci, to a tara abubuwan sauyawar a wuri ɗaya a sama, a faɗe su ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta su yadda in an manta ba a sauya ba umarnin zai ƙi aiki. Gara manhaja ta ƙi da ta aikata a kan wanda ba shi ake nufi ba.

Na huɗu shi ne ɓarnar da ƙawata rubutu ke yi. Manhajojin buga wasiƙa sukan mayar da miƙaƙƙiyar alamar zance ta zama lanƙwasasshiya, su kuma haɗe karan ɗori biyu su zama dogon layi ɗaya. A ido abin ya fi kyau, amma SQL miƙaƙƙiyar kaɗai ta sani, karan ɗori biyu kuwa su ne alamar sharhi a wurinta. Haka nan takardar PDF takan karya dogon layi, ta cusa lambar shafi a tsakiyar umarni, ko ta raba shi gida biyu kamar yadda ta raba nawa. Magani shi ne a ajiye kowane misali a fayil na rubutu zalla tare da littafin.

A nan mu masu rubutu da Hausa muna da namu ƙarin nauyi. Alamar hamza da muke sawa a jami'a da ma'aikata da 'yan makaranta ita ce dai alamar da SQL ke buɗe zance da rufe shi da ita. In ka rubuta 'jami'a' manhaja za ta ɗauka zancen ya ƙare a jami, ta rikice da saura. Ƙa'ida ita ce a ninka alamar, a rubuta 'jami''a'. Misalan littattafan Turanci ba safai suke nuna haka ba, amma littafin da aka rubuta domin ofisoshinmu dole ya nuna, domin kalmominmu cike suke da hamza. Sannan ga haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin haruffan Yammacin Turai da MySQL ta riƙa farawa da shi kafin fitowa ta 8.0 a 2018 ba shi da su, don haka ko dai ta ƙi karɓar sunan Ƙaura, ko ta mayar da harafin farko alamar tambaya. Misali na gari zai faɗi cewa a gina rumbu da tsarin UTF-8, ya kuma sa suna mai ƙugiya a cikin gwaji domin a gani da ido.

Na biyar shi ne rashin faɗin manhaja da fitowarta. SQL harshe ɗaya ne mai kare-kare, kamar yadda Bakano da Basakkwace ke jin juna amma kowa da nasa lafazi. In kana son sahu 10 na farko, MySQL da PostgreSQL da SQLite suna karɓar LIMIT, SQL Server ta Microsoft tana amfani da TOP, ƙa'idar 2008 ta kawo FETCH FIRST, wadda Oracle ta karɓa a fitowar 12c ta 2013. Tsayayyun layuka biyu, wato || , a PostgreSQL da Oracle haɗa kalmomi suke yi, amma a MySQL, in ba a sauya saitinta ba, ma'anarsu "ko" ce, sai ta ba ka lamba a inda kake jiran suna. Ko a manhaja ɗaya ma shekara tana da tasiri: PostgreSQL ta sami ON CONFLICT a fitowa ta 9.5 a 2016, MERGE kuwa sai a ta 15 a 2022. Layi ɗaya a saman misali, mai cewa an gwada shi a manhaja kaza fitowa kaza, zai hutar da mutane da yawa. Kwanan wata ma a rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris.

Na shida, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne misali mai haɗari da aka bari ba shinge. Duk umarnin da ke sauya bayani ko goge shi, a fara nuna tambayar da za ta fito da sahun da abin zai shafa, da sharaɗi iri ɗaya, domin mutum ya ƙirga kafin ya taɓa. Sannan a sa umarnin tsakanin BEGIN da ROLLBACK, wato a fara, a duba, a janye, sai an gamsu a sauya ta ƙarshen zuwa COMMIT. A kuma yi gargaɗi cewa wannan shinge ba ko'ina yake tsare kome ba: PostgreSQL tana iya janye rushe jadawali, amma MySQL da Oracle da zarar an rushe sun tabbatar. MySQL tana da saitin safe-updates wanda ke ƙin sauyawa ko gogewa in babu sharaɗi. Da na yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ma na rubuta umarnina a layi ɗaya, da saurayin nan bai ga takardar tuhuma ba.

To yaya marubuci zai tabbata ya kiyaye duk waɗannan? Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1978 Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka fitar da littafinsu na harshen C, suka kuma bayyana a gabatarwa cewa an gwada misalan ne kai tsaye daga rubutun littafin. Wannan ita ce hanya. Harshen Python yana da doctest, na Tim Peters, wanda ya shiga cikinsa a 2001, aikinsa ya tsamo misalai daga bayani ya gudanar da su ya kwatanta amsa da abin da aka rubuta. Harsunan Rust da Go su ma suna gwada misalan bayanansu haka. Wanda ba shi da waɗannan kayan aiki yana da wata hanya mai araha: ya buɗe sabon rumbu wanda ba kome a ciki, ya kwafi misalin daga takardar da zai miƙa, ya liƙa. Kada ya kwafo daga inda ya fara rubuta shi. In ya sami hali ya kira mafi ƙarancin sani a ofis ya zaunar da shi, ya kama bakinsa ya kalli inda zai yi tuntuɓe. Duk inda ya tsaya, nan gyara yake.

Na san a cikin malamaina akwai mai cewa sauƙaƙa kwafa lalaci yake koyarwa, gara ɗalibi ya sha wuya ya buga da hannunsa. Akwai gaskiya a ciki, domin hannu yana taimakon ƙwaƙwalwa. Amma wahalar farautar lanƙwasasshiyar alamar zance ba ta ƙara wa kowa sanin rumbun bayanai. Koyo yana farawa ne daga lokacin da misali ya yi aiki, ɗalibi ya sauya abu ɗaya ya ga yadda amsa ta sauya, ya sake sauya wani. Wanda misali ya ƙi masa sau uku a daren farko yakan ɗauka kansa ne ba ya ja, ya rufe littafi. Mun yi asarar masu basira da yawa ta wannan ƙofa.

Ku ma masu karatu akwai naku. Kada ku liƙa abin da kuka kwafo kai tsaye inda zai gudana. Ku fara zuba shi a fayil na rubutu zalla ku karanta, domin ana iya ɓoye umarni a cikin rubutu yadda ido ba zai gani ba, kuma a wasu manhajojin in kwafin ya haɗa da ƙarshen layi nan take zai gudana kafin ku ankara. Ku san fitowar manhajarku. Ku yi gwaji a rumbun gwaji. Ku tabbata akwai kwafin ajiya, kuma an taɓa dawo da shi an ga yana aiki.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, da yawanku ba za ku rubuta littafin jagorar wata babbar manhaja ba, ko da yake masu kula da na kyauta suna karɓar gyara daga kowa, kuma gyaran misali ɗaya ƙofa ce mai kyau ta shiga. Amma kusan kowannenku zai rubuta takardar miƙa aiki ranar da aka yi masa canjin wuri. Wanda zai karanta ta ba zai same ku ya tambaya ba, kuma a bayan kowane sahu na jadawalin da zai taɓa akwai albashin wani, ko fanshon wata, ko sakamakon jarrabawar ƙaninku. Saurayin da na ba ku labarinsa, daga baya na je na ba shi haƙuri, muka zauna tare muka sake rubuta takardar, muka gwada kowane misali a gabansa. Ina roƙonku ku yi naku gwajin tun kafin ku miƙa.